Majigin da Muka Yi a Gonar Kebbe

Daminar bana ta cika shekara arba'in da rasuwar Haliru, mutumin Kebbe, abokina tun kwalejin horon malamai. Mota ce ta kife da su a hanyar Tambuwal, yana shekara ta biyu da fara koyarwa, 'yarsa Luba tana goye. Na daɗe ina kauce wa wannan rubutu, domin akwai laifina a ciki, ni kuwa ba gwanin amsa laifi ba ne.

'Yan zamaninmu sun san majigi. Motar gwamnati za ta zo gari, a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake zuba takin zamani, mai bayani yana ta zuba ta lasifika. Kullum labarin ɗaya ne: malamin gona mai ilimi da manomi mai taurin kai. Abin yana ci wa Haliru tuwo a ƙwarya. Ya ce mahaifinsa ya tsufa a kan kunyar gona, amma a majigi shi ne wawa.

A shekararmu ta ƙarshe, lokacin da arzikin mai ya sa ake jibge wa makarantu kaya har da waɗanda ba a san amfaninsu ba, malaminmu na kayan koyarwa ya fito da wata ƙaramar kyamara daga sito. Ya ce kowane rukuni ya yi fim na darasi. Zaren fim ɗaya tak, minti uku da 'yan kai, babu murya, kuma in ya ƙare ya ƙare. Wasu suka yi wanke hannu, wasu tsabtar rijiya. Haliru ya ce mu majigi za mu kwaikwaya, mu juya shi.

Muka tafi gonar mahaifinsa a Kebbe. Ni ne malamin gona, da aron kwat da wando mai faɗin ƙafa, ina zuba wa kututture taki, ina nuna gero ina kiransa dawa. Tsohon ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana kallona, ba sai an koya masa komai ba. Haliru ne mai ɗauka. Mun yi alkawari za a rage masa ƙarshen zaren, in karɓi kyamarar, shi ya fito a matsayin mai bayani da mazurarin kwano a baki a madadin lasifika.

Sai aka zo inda zan zame in faɗa taɓo. Na faɗi, amma na ce faɗuwar ba ta yi kyau ba, a sake. Haliru ya ce zare ya kusa ƙarewa. Na nace, saboda ina son aji ya yi maganata. Ya sake ɗauka. Da na tashi na karɓi kyamarar, ya gyara tsayuwa da mazurarinsa, sai na ji ta tsaya, zare ya ƙare. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi dama murya ce jarinsa.

Da fim ya dawo daga wanki, aka toshe tagogin aji da barguna, Haliru ya tsaya gefen na'ura yana bayani da muryar ma'aikacin gwamnati, har da tarinsa. Mutane suka riƙe ciki. Malam kuwa ya rage mana maki, ya ce hannun mai ɗauka yana rawa.

Yanzu kowa yana da kyamara a aljihu, a ɗauka, a share, a sake. Nakan ce da Haliru yana nan, da ba mai zaman lafiya a Kebbe daga kansila har mai shayi. Ko kuma da ya ce an yi yawa, tunda ba wanda yake tsoron ƙarewar zare.

Bara Luba ta zo gidana. Hoton mahaifinta ɗaya ne, shi ma gara ta cinye fuskar. Ta ji labarin akwai fim. Na fito da gwangwanin fim ɗin daga ƙasan akwati, muka samu wanda ya juye shi a waya. Ban iya gaya mata gaskiya ba sai da muka zauna a zaure bayan la'asar, ta kalla har ƙarshe.

"Baffa, wane na Baba cikinsu?"

"Ba shi ciki, ɗiyata. Ni nac cinye rabonai."

Na ba ta labarin duka. Ta sake kunnawa. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

"To mi as sa hoton ka rawa hakanga?"

Shekara arba'in da wani abu ina ɗaukar rawar nan aibi, kamar yadda malam ya ce. Sai a lokacin na tuna kafaɗunsa suna girgiza a bayan kyamara, yana cije leɓe.

"Dariyar babanki ta," na ce.

Bayaninsa ya tafi da shi, abin da na riƙe bai fi jimla uku ba. Fuskarsa kuwa ni na hana a gani, kuma ban yafe wa kaina ba. Abin da ya rage shi ne wannan girgiza, wadda ta fi ƙarfi a faɗuwata ta biyu, har gonar takan fita daga hoton. Allah ya jiƙan Haliru, ya haskaka makwancinsa.

Luba ta share ido da gefen mayafi, ta miƙo mini wayar.

"Baffa, maido mani wurin da kaf faɗi."