Awarwaro a Ɗakin da Na Kulle

Matata, Allah Ya jiƙanta, kunnen zomo take ce mini. Ba yabo ba ne, tsiya ce. Idan muka je gidan biki aka kunna sifika, kafin a gama gaisawa na fara ɓata rai ina cewa wannan sauti kamar an jefa rediyo a tulu. Sai ta taɓe baki ta ce, "To kunnen zomo, mu dai abinci muka zo ci." A raina kuwa ina jin daɗin sunan, don na yarda da kunnena fiye da yadda na yarda da idona.

Aikina gyaran janareta ne a wani dogon bene a Abuja. Shekara da shekaru ina fita daga unguwarmu Kwamba da sassafe, in wuni a gindin injin yana ruri, in dawo da yamma. Wannan na cin abinci ne. Abin da raina ke so shi ne haɗa sifika. Kafinta ya yanka mini katako, ni in haɗa akwatin, in cusa auduga, in liƙe wayoyi da dalma. Gidan haya muke, mai ɗauke da iyalai da yawa, kuma rabin ɗakina na mayar da shi wurin wannan aiki.

Ita kuma ba ta rabo da awarwaro, irin siraran nan na ƙarfe, hannu biyu. Farkon aurenmu tun tana tsakar gida nake sanin ta taho. Tana tuƙin tuwo suna kaɗawa, tana shara suna kaɗawa. A 'yan shekarun ƙarshe ne na lura ta koyi sanɗa. Ina duƙe ina liƙi sai kawai in ga mutum a kaina, in zabura, in hau faɗa. "Ke wai aljana ce? Ba kya motsi ne?" Sai ta yi dariya ta ajiye mini shayi ta fita.

Ciwon kwana kaɗan ne ya ɗauke ta, cikin damina. Ta bar ni da 'yarmu guda, budurwa, mai sunan mahaifiyata, shi ya sa nake kiranta Mamana.

Bayan an watse daga zaman makoki, ina duba waya na ci karo da wani saƙon murya da ta taɓa turo mini ina wurin aiki. Ba wata magana ce mai nauyi ba. "Idan ka zo Madalla ka sauka ka sayo mana tumatir da attaruhu. Kada ka bari su haɗa ka da ruɓaɓɓe irin na rannan. Sai ka dawo." A kicin ta yi shi, don ana jin bugun muciya a tukunya. Inda muciya take kuwa dole awarwaro ya kasance. Na saurara, na sake saurara, babu shi. Abin da na sa a gaba ke nan daga ranar: in ji wannan ƙarar ko da sau ɗaya ne. Ban gaya wa Mamana ina da saƙon ba, don ta rame sosai, ko sunan uwar aka ambata sai ta tashi ta bar wurin.

Ranar da ba ta gida na sa saƙon a manyan sifikuna. Muryar ta fito, amma kamar daga bayan ƙofa. A kowace sifika akwai babba a ƙasa mai ba da kaurin sauti, akwai kuma ƙarama a sama da muke kira tiwita, ita ke fitar da siririn sauti, irin ƙarar cokali a faranti ko kukan gyare. Nawa tsofaffi ne, na gwanjo. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasu.

Ana cikin haka wani mai kayan sauti a Madalla ya kira ni. Shagonsa ɗan tsuku ne, mutum biyu ba sa tsayuwa a ciki sai kafaɗa ta gogi kafaɗa.

"Oga, zo ka ga kaya," in ji shi. "Wani babban shago ne ya rufe a Abuja, na kwashe abin da ya rage. Original ne wallahi, no be copy."

Da ya buɗe kwalin sai da na haɗiye yawu. Irin tiwitar nan ce da sai a gidajen manya, wadda ni a intanet kawai nake ganin hotonta. Fuskarta baƙin siliki ne, a kumbure kamar rabin ƙwai. Ruwa ya taɓa kwalayen, shi ya karya farashin, kuma an cakuɗa su, ba a san wacce ce abokiyar wacce ba. Tiwita kuwa biyu ake so masu hali ɗaya, in ba haka ba murya sai ta karkata gefe guda. Araha ba ta ado, don haka ban yi gaggawa ba. Na shinshina kowacce ko zan ji ƙauri, na ɗaga ta ga haske ina neman lotsawa, na ɗora mata mitar awon wuta. Huɗu na ware. Muka yi da shi in tafi da su gida in zaɓi biyu, in mayar masa da biyu.

Ita kaɗai ake gwada tiwita. Ana sa mata kapasita a gaba ya tare mata manyan sauti kada ta ƙone, abin da zai wuce sai siririn kawai. Na zuba saƙon a wata tsohuwar waya, na sa ya riƙa maimaita kansa, na haɗa da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, na kara kunnena. Shiru. Na canza ta biyu, shiru. Duk huɗun haka. Babu irin zagin da ban yi wa mutumin Madalla a zuciyata ba.

Sai na tuna abin da masu wannan sana'a ke yi. Tiwitar da ta daɗe a kwali takan yi tauri, sai a bar ta tana aiki kwanaki har ta saki jiki. Na haɗa su duka a batirin sola, na bar saƙon yana ta maimaita kansa, na ƙara murya, tunda dai ba wanda za su dama. Da safe in kunna in kulle ɗaki in tafi aiki. Da yamma ina shiga, abin da nake fara yi shi ne in zare su in jona fanka.

A cikin makon nan gidan ya canza mini. Igiyar shanya da ke bakin tagata, wadda mata ke faɗa a kanta, na dawo na tarar ba ko tsumma. Yaran da ke buga ƙwallo a jikin bangona suka koma can bakin rijiya. Wata rana na ji ƙamshin hayaƙin habbatus sauda a ƙofarmu, ban kuma san wanda ya turara ba. Ko kyanwar gidan da ke kwana a kan takalmana ta daina zuwa. Idan na yi sallama mata su amsa ƙasa-ƙasa, idonsu na kan tagar.

Maƙwabcina, wani Bakano mai aiki a Abuja, ya tare ni muna fitowa daga masallaci.

"Injiniya, don Allah kada ka ji haushi. Da za a samu a ɗan yi karatu a ɗakin nan naka, da ya yi kyau."

"Ɗakin nawa me ya yi?"

"A'a, ba komai. Addu'a dai ba ta yawa."

Na ce masa na gode, da irin muryar da ke nufin kowa ya ji da ɗakinsa.

Ranar Juma'a na dawo da wuri, ana yayyafi. Ba wuta a unguwar, ba kuma wanda ya tayar da janareta, gidan tsit. Na tarar da Mamana zaune a dakalin waje, hijabinta ya jiƙe, ta rungume Alƙur'ani. Na tambaye ta me take yi a cikin ruwa. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Baba, Umma tana ɗakinka."

Na ce ta yi istigfari.

"Wallahi Baba. Kullum da ka fita take farawa. Awarwaronta ne, ko a mafarki na san shi. Sannan sai raɗa, sss, sss, kamar tana son faɗin wani abu ta kasa. Ta yi shiru, ta sake farawa, haka har yamma. Matan gidan nan duk sun ji. Da ka shigo sai ta daina." Ta nuna ƙofar da haɓa. "Ga shi nan ma yanzu."

Na hau ta da faɗa, na ce wanda ya tafi ya tafi, ba a dawowa. Amma da na isa ƙofar ɗakin da makulli a hannu sai na kasa sa shi. Na kara kunne a jikin katakon, ban ji komai ba sai ɗigar ruwa daga indararo. Mai karatu zai ce ai abin a fili yake. Haka ne. Amma ni da kaina na saurari tiwitocin nan na ji shiru, kuma a wurina kunnen zomo ba ya ƙarya. Tsoro na ji, sannan wani abu da ya fi tsoron ciwo ya biyo baya. Kishi ne. Ta zo wa 'yarta, ta zo wa matan da ko gaisuwar kirki ba sa yi da ita, har kyanwa ta ji ta, ni da nake nemanta ta yi mini shiru.

Washegari na je wurin wani abokina mai haɗa sauti a ɗakunan taro na aro makirfon awo. Niyyata in samu hujjar da zan jefa wa mutumin Madalla kayansa. Makirfon siriri ne kamar biro. Ana kafa shi kamar taƙi biyu daga tiwita, kwamfuta ta tura wani sauti da ke farawa ƙasa yana hawa, ita kuma tana zana layi gwargwadon abin da makirfon ya ji. Bayan azahar na haɗa ta farko na danna. Na ji ɗan fito ya taso, ya sirance, ya ɓace. Na ce yauwa, ga inda ta mutu. Sai na dubi allon. Layin bai tsaya ba. Yana ta tafiya, miƙe, cikin shirun nan, har ƙarshen allo.

Daga falo Mamana ta ɗaga murya. "Baba, mene ne wannan? Kamar allura a kunne!"

Na auna sauran ukun ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsu ƙalau. Biyu ma layinsu ya hau kan juna har ba a bambancewa, irin abin da mai haɗa sifika ke roƙon Allah ya samu. Ban ji daɗin komai ba. Na mayar da tsohuwar wayar, na kunna saƙon, na bar makirfon a wurinsa. A kunnena ɗakin shiru. A allo kuwa wasu siraran tsinkaye suna tashi suna faɗuwa, su huta, su sake tashi.

Na juya na ga Mamana a bakin ƙofa, ta dafe bango, leɓenta na motsi da addu'a.

"Ga ta nan," ta ce.

Na ce ta shigo ta zauna. Na jawo wayar babbar sifika na haɗa. Muryar uwarta ta cika ɗakin, tana cewa in sauka a Madalla in sayo tumatir da attaruhu. Mamana ta sulale ƙasa. Kuka take ko dariya, na kasa rabewa. Ta ce in sake sawa, na sake. Ta ce in ƙara.

"Ka ji, Baba? Nan ta ajiye muciya. Ka ji su? Kamar tana tsaye a nan."

Na gyaɗa mata kai. Ni dai muryar tana nan inda take, a bayan ƙofa.

Na mayar wa mutumin Madalla biyu, na ɗaura biyun a akwatunansu. Mamana ta yi wa matan gidan bayani, suka yi ta salati suna dariya, shanya ta dawo igiya. Bakanon nan har yau in ya gan ni sai ya ce, "Injiniya, ya mutanen ɗaki?" Ita ma Mamana ta fara cin abinci. Kowa ya samu sauƙi ban da ni. Ina ta tuna faɗan da nake yi wa matata a kan sanɗa, da yadda take dariya ba ta cewa komai. Ban sani ba ko tun a lokacin ta gane rurin injin ya ci mini kunne, ta bar ni da sunana.

Duk da haka ban fitar da rai ba. Na ce wa kaina waya ce, waya kuwa tana matse sauti, na gaske daban ne. Wata Asabar da la'asar na ce wa Mamana ta ɗauko mini awarwaron uwarta. Ta buɗe akwatin ta fito da su a ƙulle cikin ɗankwali. Na ce ta sa su, ta tsaya a bayana dab da kunnena, ta kaɗa da ƙarfi. Na zauna a kujerar aikina na rufe ido. Ina jin keke yana wucewa a titi, ina jin wata tana daka a can ƙarshen gida. Na jira, na ƙara jira, har na fara ƙosawa.

"Mamana, kin fara?"

Na buɗe ido na waiga. Hannunta biyu na sama tana ta girgiza su, hawaye na zuba a fuskarta, awarwaron na tsalle yana ƙyalli a hasken taga.