Faifan Gwaggo da Tafintan Kwamfuta

Ranar wata kasuwar Filinge faifan ya iso hannuna, a naɗe cikin tsumman zane, yana ƙamshin daddawa don a kwando ɗaya suka yi tafiya. Gwaggona, yayar babanmu, ita ta kawo shi daga ƙauyenmu na cikin Kurfai. Ta same ni na taso daga kwalejin da nake koyarwa, ko ruwa ba ta bari na kawo mata ba ta miƙo mini, tana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu.

"Mushe, an ce kai ka iya bakin injin ga. Hidda mini muryar maigidana. Huskarshi ina ganin ta sarai, amma muryar ta ɓace mini. In na biɗe ta cikin kaina, sai in ji ta wani."

Mijinta mai goge ne, shi ke yi wa 'yan bori kiɗa a yankinmu har ya rasu. Tun ina ƙarami wasu masu bincike suka zo suka naɗi kiɗansa, daga baya suka aiko wa gidan wannan faifai. Ba wanda ya taɓa jin abin da ke ciki. Na ce mata aikin ɗan lokaci ne, ta sha fura kafin ta gama na gama. Bakina ya saba riga hankalina.

Da na sa faifan sai na ga ba waƙoƙi ba ne a zube da za a kwashe a zuba a waya. Manhaja ce sukutum, sautin yana ƙulle a cikinta, kuma an ƙera ta ne don wani tsohon tsarin kwamfuta da aka daina yayinsa. Tawa kwamfutar kuwa wani tsari daban take ɗauke da shi, irin na kyauta, wanda na sa mata don na gaji da cututtukan da ake kwaso mini a kile, wato filashi. Na danna, na sake dannawa, ko motsi. Gwaggo ta shanye furarta, ta ɗauki kwando, ta ce za ta dawo wata kasuwar.

Haushi ya kama ni, amma son sani ya fi haushin ƙarfi. A nan na gano akwai wata manhaja da ke shiga tsakani. Ni dai tafinta nake ce mata. Baƙuwar manhaja tana neman taga, ko sauti, ko wurin ajiya, da irin maganar gidansu. Tafinta ya karɓa ya juya wa kwamfutata da irin tata maganar, ya maido amsa. Baƙuwa ba ta ma san ta yi ƙaura ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne masu gina tafintan nan ba su taɓa leƙa cikin wancan tsarin ba. Tambaya suke jefa masa, su ga yadda yake amsawa, su kwaikwaya. Na kan zauna bayan la'asar ina karanta muhawararsu, ina jinjina haƙurin mutanen da ban sani ba.

Faifan gwaggo ya ba ni wuya. Da farko ya buɗe ya rufe kamar mai leƙen ɗaki. Na umarci tafinta ya yi shigar tsoho, ya ce shi tsarin wancan zamanin ne, sai taga ta tsaya. Sauti ya ƙi fita sai da na nemo wani ɗan guntun fayil da manhajar ke kuka a kansa. Ranar da na ji kukan goge ya tsargo daga lasifika, tsalle na yi har matata ta leƙo ta tambaya ko kunama ce.

Sai dai abu biyu sun gagare ni. Sunayen kiɗe-kiɗen duk sun fito 'yan akwatuna babu harafi ko ɗaya, kuma maɓallin tsayarwa ya mutu murus. In ka kunna kiɗa, sai ya kai ƙarshe, ko ka murɗe lasifika. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Da gwaggo ta dawo na yi mata bayanin tafinta, ina ta kewaye-kewaye. Ta katse ni.

"Wato baƙo na ya hau jikin da ba nashi ba, shina magana da bakin wani. To mi ab baƙon abu nan?"

Na yi dariya, na kai hannu zan kunna, sai ta daka mini tsawa. A nan ta tuna mini abin da na sani amma ban haɗa shi da aikina ba. Gwaggo goɗiya ce, wato mai iska, kuma kowace iska da kiɗanta. Da an taɓa nata kiɗan, hawa ake yi. Bayan rasuwar mijin ta ajiye kayan bori ta kama tasbaha, ba ta son a sake kiran abin da ta sallama. Murya ta zo ji, ba kiɗa ba. Ni kuwa ɗan lakwal, wato ɗan boko, ban iya bambance kiɗan wannan iska da na waccan ba, ga sunaye sun zama akwatuna.

Dabarar tata ce. Ta aika aka kira wani tsoho da ke zama a rumfar masu goro, wanda ya yi shekaru yana buga wa mijinta ƙwarya. Makaɗa, in ji ta, ba a hawansu. Na sa masa abin ji a kunne, gwaggo ta koma bakin zaure ta juya baya. Na riƙa danna akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya lumshe ido, yatsunsa suna kiɗa a gwiwa, ya manta da mu sam. Sai na taɓa shi na ce, "Baba, magana muke nema." Ya harare ni kamar na tashe shi daga barci.

Can ya cire abin kunnen ya ce, "Wuri guda ɗai ya yi magana. Amma gaban kiɗin nata na, ba tsakani. Yana ƙare magana, ya ja goge."

Gwaggo ta taso ta zauna kusa da ni a tabarma, ta ce in riƙe abin murɗawa, da maigidanta ya rufe baki in kashe. Na danna. Aka ji kukan zakara, aka ji tari, sannan wata murya mai kauri ta ce, "Ku dakanta, tsirkiya ta yi sanyi, bari ta ji rana." Ya yi 'yar dariya. Gwaggo ta ƙara matsowa kusa da lasifika. Tausayinta ya cika ni har na kusa manta aikina.

Goge ya ɗauka. Na fara murɗawa, sai na ji hannunta ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Bar shi."

Tsohon ya miƙe tsaye, muna kallonta muna jiran abin da zai faru. Ba ta yi jijjiga ba, idonta bai juye ba. Tana nan zaune, ita ce dai gwaggona, hawaye na bin kuncinta. Ko iskar ce ba ta gane hanya ta bakin tafinta ba, ko kuwa ta ji kira ta ƙyale tsohuwa, har yau ina tambayar kaina. Kiɗan ya hau, ya sauko, ya yi wata lanƙwasa mai taushi, ya tsaya.

Gwaggo ta saki hannuna, ta share fuska da bakin mayafi.

"Tun ina amarya yake yi mini kiɗin ga," ta ce. "Da ya soma ake ɗauke ni, sai in farka an watse. Ashe haka yake ƙare shi."