Zanen Biro a Ƙafar Baba

A lokacin ni budurwa ce mai rawar kai, ban jima da gama sakandare ba, kuma ni ce babba a gidanmu, a wani ƙauye gefen Auyo. Da damina ƙayar kifin ƙurungu ta soki Baba a ƙafa yana aiki cikin ruwan gonar shinkafarsa. Ya raina abin, sai da ƙafar ta kumbura suntum tana sheƙi aka kai shi asibiti a Haɗejiya, aka ba shi gado. Ni aka bari jinya.

Wata nas, babbar mace marar yawan magana, ta gwada zafin jikinsa, ta danna kumburin, ta yi masa allura. Sai kuma ta zaro biro ta zagaye bakin kumburin da zane. Abin ya ɗaure min kai. Inda za a yanka ne? Har leƙa ƙafafun sauran marasa lafiya na yi, ban ga mai zane ba. Tambaya ta zo min baki, kwarjinin matar ya sa na haɗiye. Da azahar Baba ya ce ba zai yi alwala a kan tawada ba, na sa sabulu na dirje ta tas. Can kuma tsoron faɗa ya kama ni, na ari biro na mayar da zanen, ina bin bakin kumburin yadda na ga ta yi, har ina yaba hannuna. Kullum haka nake yi, ita kuwa nas ɗin ta tafi hutu.

Ashe zanen ma'auni ne! In kumburi ya tsallake shi, allurar ba ta aiki ke nan, sai a sauya. Ni kuwa kullum matsar da shi sama nake yi, likitoci masu zagaye su duba su ce ciwon bai ƙaru ba. Ranar da nas ɗin ta dawo daga hutu ta tsaya tana kallon ƙafar, ta ce ita a idon sawu ta yi zanenta, wa ya kai shi ƙwauri? Na faɗi gaskiya. Ba ta zage ni ba, cewa ta yi ita ma da laifinta da ba ta yi min bayani ba.

An sauya magani, an tsaga ƙafar, Allah ya taimaka ba a yanke ba. Amma har yau Baba ɗingishi yake yi, kuma bai taɓa ɗora min laifi ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Don Allah masu jinya, duk abin da kuka ga ma'aikacin asibiti ya yi wanda ba ku gane ba, ku tambaya, ko da za a harare ku. Kada ku goge, kada ku gyara. Ni dai duk damina sai na yi hawaye, in na hango Baba zaune a kan tudu yana kallon 'yan ƙwadago a cikin gonarsa.