Fim ɗin da na zaɓa wa bututun Urno

Aikina ɗaukar hoton walda ne. Idan an haɗa ƙarfe da ƙarfe, ni ake kira in leƙa cikin ɗinkin. Ina manna fim a bayansa, in haska haske mai ratsa ƙarfe ta ɗaya gefen, in wanke fim, in ga ko akwai tsaga ko rami a ɓoye.

Wata shekara aka tura ni Urno duba bututun da zai kai ruwa shato, wato babban tankin ruwan gari. Ina sauka daga mota na ga ɗan kwangilar, nan take na gane shi. Ya yi ƙiba, ya je Makka, amma shi ne. Lokacin da nake saurayi a wajen Keita, shi ke tsaron matan da ke jidar duwatsu don tare ruwa a kan tudu. Wata rana ya ce duwatsun mahaifiyata ƙanana ne, ya sa sanda ya ture kwandon daga kanta, ya sa ta durƙusa tana tsince su, mata na kallo. Ina wurin, diga a hannuna, ban yi komai ba. Abin ya zauna min a rai shekara da shekaru.

Shi bai gane ni ba. Har "ɗana" ya ce min, ya aika a sayo min balangu.

Hanya biyu ke gabana, kuma ƙa'idar aikin ta yarda da kowace. Akwai iridiyom, ɗan ƙwaya mai ƙarfin haske da muke yawo da shi cikin tukunya mai nauyi. Ba ya buƙatar lantarki, kuma da fim mai sauri sai a gama da wuri. Amma a ƙarfe mara kauri hotonsa dishi-dishi ne, siririyar tsaga sai ta ɓuya. Akwai kuma injin rayon-iks, irin na hoton ƙashi a asibiti, da fim mai laushin ƙwaya. Wannan sai an jawo gurup, wato janareta, sai an yi haƙuri, amma ko tsagar da ba ta kai gashi ba sai ta fito. Bututunsa mara kauri ne, don haka ina da hujja. Sai dai ba hujjar ce ta sa na koma har Madawa ɗauko injin ba. So nake in ga asirinsa a fili.

Na kuwa gani. Don sauri ya sa an yi ta walda cikin iska, ba kariya. Ina ɗaga fim zuwa fitila, ramuka ga su nan kamar tsakin gero, ga tsaga tana bin gindin ɗinki. Wallahi daɗi na ji, har na yi dariya ni kaɗai.

Da ya ji za a yanke mahaɗan a sake, bai zo wurina ba. Abin da aka saba yi a ƙasarmu ya yi: ya bincika ɗan wa nake, ya ɗauki goro da turmin zane ya nufi ƙauyenmu, wurin tsohuwa. A nan Adar ɗinmu an san wanda uwarsa ta ce ya bari, to ya bari.

Da la'asar ƙanena ya kira ni, ya miƙa mata waya.

"Ga baƙo nan zamne ƙasa gabana," in ji ta. "Ya tuna, ya roƙi gahwara, ni ko na yahe mishi. Kai ma ka bas shi."

"Inna, ƙarhen na tsage. Ruwa za shi zuba."

"Ban san ƙarhe ba, amma na san ka. Don ruwa kay yi, ko don ni?"

Ta ƙara da cewa, "Ni ban aike ka ba."

Raina ya ɓaci sosai, kuma ba da shi kaɗai ba. Ta yaya za ta yafe da sauƙi haka, a kan goro? Ban taɓa ƙetare maganarta ba tun da na yi wayo. Kuma da na so, akwai hanya: in ce a sake ɗauka da iridiyom, rabin laifin ya ɓace.

Washegari ya iso yana fara'a, yana ganin magana ta ƙare. Na gaishe shi da ladabi, na ɗauki alli na bi bututun ina zana alama a kan duk mahaɗin da ya faɗi, yana biye da ni, babbar rigarsa na jan ƙasa. Aka kunna injin yanka. Ban matsa ba sai da na ga an yanke na ƙarshe.

Ruwa ya isa shato, ba ya yoyo. Tsohuwa kuwa ba ta sake tambayata labarin aikina ba har ta bar duniya. Wannan ya yi min zafi, yana kuma yi har yau. Amma da za a sake ajiye min fina-finan nan biyu, mai laushin zan ɗauka.