Na Ce Jininmu Ba Na Karatu Ba Ne

A wancan lokacin ni ne shugaban masu yankan riɗi a wata babbar gona a Simsim, ƙarfina ya kawo, karatuna kuwa bai wuce aji uku ba. Allah ya ba ni tagwaye maza masu kama ɗaya. Ƙanwata da ba ta haihu ba ta roƙi ɗaya, na ba ta ƙaramin, ta tafi da shi unguwarsu a Gadarif. Babban ya zauna da ni.

Riɗi ba ya jira. In ya nuna ba a yanke ba, sai ya tsage ya zube ƙasa. Don haka duk kaka nakan cire yaron daga madrasa wata biyu in miƙa masa lauje. In ya koma an wuce shi, sai ya faɗi imtihani, wato jarrabawa. Malaminsa ya biyo ni har gona yana roƙo, na ce ya daina wahalar da kansa, mu jininmu ba na karatu ba ne. A gaban yaron na faɗa. Ɗan'uwansa kuwa maƙwabtansu malamai ne, da la'asar yaran layin duk suna kan tabarma da littafi, shi ma ya bi. Yau likitan dabbobi ne a Mafaza. Ciki ɗaya, rana ɗaya! Amma da taurin kaina na ce wai shi ya ɗauko ƙwaƙwalwar dangin uwarsa.

Shekara uku da suka wuce na ji babban yana maimaita wa 'yarsa maganata, zai cire ta daga madrasa ta riƙa dafa wa 'yan yanka abinci. Na kira shi na nemi gafararsa, ya sunkuyar da kai ya ce Baba ai an makara. Na ce a kansa na makara, a kanta ban makara ba. Da kaina na hau lori na kai ta unguwar ƙanwata.

Shekaranjiya sakamakon imtihanin jikar tawa ya fito, wallahi ta ci, ta ci da kyau! Na yar da sandata, da furfurata na taka rawa a ƙofar gida, maƙwabta na guɗa suna cewa tsoho ya zautu. Ubanta ya karɓi takardar, ya juya ta, ya ce ta karanta masa.

Ban musa ba, kowa da baiwar da ya gada, amma sai an ba ta wuri take fitowa. 'Yan'uwana manoma, ku duba inda yaro yake zama da wanda yake gani kafin ku ɗora wa jini laifi. Ni ɗana na yanke wa hukunci, kuma ya yarda da ni.