Layin da Na Yanke Daga Adireshin 'Yar Gwaggona

Laifina ne, ba na 'yan busta, wato ma'aikatan gidan waya, ba, ko da yake su na yi shekaru ina zagi. A lokacin ina saurayi a wani ƙauye kusa da Mai Wurno a ƙasar Sudan, na ɗan yi makaranta, na iya rubutun Larabci sosai, na boko kuwa sai da ƙyar. Ni ke rubuta wa mutanen unguwarmu wasiƙa, kuma kaina ya kumbura da hakan.

Gwaggona tana da 'ya guda. Sun je hajji tare, 'yar ta ga wani ɗalibi mutumin Malaya ta ce shi take so. Gwaggo ta ƙi, aka ɗaura aure duk da haka, mijin ya tafi da 'yar ƙasarsu, Gwaggo ta dawo gida ba ta sa mata albarka ba. Da shekaru suka ja, wani alhaji ya kawo adireshin 'yar a rubuce da boko. Gwaggo ta kira ni, ta ce in rubuta mata cewa ta yafe, duniya da lahira.

Adireshin nan ya ba ni haushi. Sunan ƙauye, sannan abin da suke kira mukim, wato yankin da ya tara ƙauyuka, sannan gunduma, sannan jiha, kafin a zo ga ƙasar. Mu a nan sunan mutum da na garinsa sun isa. Ko yana can hawasha, wato gonar haya, yana cirar auduga, direban lori zai miƙa wa mai kanti, mai kanti ya aika masa. Na ce a raina, Bahaushiya doguwa baƙa a cikin mutanen Malaya, wa zai kasa gane ta? Gaskiyar kuma, haruffan sun yi mini wuya, ina jin kunyar tambaya. Sai na rubuta sunan mijin, da ƙauyen, da ƙasar, na bar sauran.

Amsa ba ta zo ba. Muka sake, muka sake. Duk bayan girbi Gwaggo takan zo da kuɗin kan sarki a ƙulle a bakin zane, ta ce ɗan nan, ƙara gwadawa. Nakan hau lori zuwa Sinja in yi wa ma'aikacin busta faɗa, in ce su ke zubar da wasiƙun talakawa. Wata rana ya tambaye ni ko na cika adireshin, na ce masa ba shi zai koya mini aikina ba. Ita kuwa Gwaggo ta daina zargin busta. Ta ce yarinyar tana karantawa, fushi ne bai huce ba, kuma ita ta jawo.

Sai da wani maƙwabcinmu ya je hajji ya tambayi alhazan Malaya ko sun san ƙauyen. Ya dawo yana ba da labari a majalisa, ya ce dariya suka yi, suka tambaye shi wanne daga ciki, domin kusan kowace gunduma tana da ƙauye mai wannan suna. Kowa ya yi dariya, ban da ni. Na nemo tsohuwar takardar, na kai wa wani malamin makaranta ya kwafe duka, muka sake aikawa.

Amsa ta zo, amma mijin ne ya rubuto. Ya ce matarsa ta rasu wajen haihuwa a shekarar da ta wuce, kuma har ƙarshe tana tambaya ko an ji wani abu daga Sudan.

Masu karatu, in an ba ku amanar da ba ku iya ba, ku ce ba ku iya ba. Kada ku auna ƙasar mutane da ƙauyenku.

Na daɗe ina kewaya gidan Gwaggo. Ranar da na shiga, tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na ce mata 'yarta ba ta taɓa yin fushi ba, ba ta dai taɓa samun saƙon ba ne, kuma ni na tare shi da hannuna. Na roƙe ta ta yafe mini, ko da yake na san abin da na yi da yafewarta ta farko, wadda ta ba ni in aika wa 'yarta.