Makullin Ƙofar Bayan Kwano

Shekara talatin da ɗaya tumakin Glenys Tozer suna kiwo a ƙarƙashin Kwano. Haka muke kiran ƙaton farantin tashar sauraron kumbo da ke ƙarshen kwarinmu. Masu ilimi suna cewa da shi ake jin kumbunan da suka yi nisa a sararin sama, ita kuwa Glenys cewa take inuwa ce gwamnati ta gina wa tumakinta.

Ni maƙwabciyarta ce, kuma tare muke a ƙungiyar sa-kai ta kashe gobarar daji, ni a sitiyari, ita a tiyo. 'Yar ƙaramar mace ce mai muryar ƙato. Tun da mijinta ya rasu ita kaɗai take fama da tumaki ɗari shida da kare ɗaya, Biskit. Ban taɓa ganin ta ɗaga kai sama ba sai in hadari take nema.

Tsakaninta da tashar babu wata takarda. Makullin ƙofar baya kawai aka ba ta, tumaki su shiga su cinye ciyawa ƙurmus, domin kowa a nan ya san wuta ba ta tafiya a inda babu abin ci.

A watan Disamba sabon shugaban tashar, Dakta Ferrante, ya tara mu a zauren gari. Mutumin kirki ne, ba zan ci alhakinsa ba, sai dai bai taɓa yin bazara a kwarin nan ba, mu kuwa a nan Disamba da Janairu ne tsakiyar bazara. Ya nuna mana hotunan kumbunan da ke tafe: ɗaya zai je wani wata mai ƙanƙara kusa da Jupita, ɗaya zai ɗebo ƙasa daga wajen Mars, wani kuma sai ya shekara takwas a hanya. Muna ta jinjina kai muna cin kek, sai ya ce za a ƙara faranti biyu, za a shimfiɗa wayoyi a fili, saboda haka tumaki sai su fita.

Glenys ta miƙe ta ce, "Dakta, yanzu saboda wani ƙarfe da sai bayan shekara takwas zai ce muku ya sauka lafiya za ka kori masu aske maka fili yau? To, in wuta ta zo sai ka kira Jupita." Aka yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Ta ajiye makullin kusa da butar shayi ta fita.

Mako uku bayan haka, ran wata Asabar a Janairu, iska mai zafi ta taso daga arewa tun da hantsi. In gobara ta doso, abin da kowane mai tumaki yake yi shi ne ya kora su filin da aka cinye ciyawarsa. Na Glenys shi ne gindin Kwano. A gonarta kuwa busasshiyar ciyawa har gwiwa. Ta buga waya tashar, mai gadi ya ce makullin yana ofishin Dakta, Dakta kuma yana birni. Tana neman almakashin da za ta yanke wayar shingen tashar, sai kiran ƙungiya ya shigo. Sai ta buɗe duk ƙofofin gonarta don dabbobin su sami hanyar gudu, ta jefa Biskit a mota, ta taho.

Shugabanmu Clarrie Duggan ya tura motarmu tashar. Dokarmu guda ce, kuma da ita muka tashi: inda aka tura ka can za ka tsaya, ko da gidanka ne ke ci. In kowa ya koma nasa, ba wanda zai tsira da komai.

Muna kan hanya na hango hayaƙi ya turnuƙe a bayan tudun gonarta. Na rage gudu, na ce mata minti goma kawai, Clarrie ba zai sani ba.

"Tuƙa, Dot," ta ce. "Bara gidan Clarrie ya ƙone yana riƙe da tiyo a ƙofarki. Kin manta ne?"

Na tuƙa.

Wutar ta gangaro ta cikin itatuwan turare da ƙara kamar jirgin ƙasa. Na riga na saddaƙar cewa Kwano ya tafi. Amma da ta iso shingen tashar sai ta kwanta. Ta lashi wayar shingen, ta nemi abin ci ta rasa, ta raba biyu ta wuce. Ko rabin tankinmu ba mu ƙarar ba. Muka tsaya baki buɗe muna kallon baƙar ƙasa a waje, ja a ciki.

Da la'asar Clarrie ya sallame mu, muka zagaya ta bayan tudu. Gidanta yana nan, kwanon rufinsa kawai ya yi baƙi. Har na fara murna. Sai Biskit ya dire daga mota ya miƙa a guje, ba wajen gida ba, wajen ƙofar bayan tashar.

Nan muka sami tumakin. Da suka ji wuta, hanyar da suka sani suka bi, wadda iyayensu da kakanninsu suka bi kowace safiya. Sun taru a jikin ƙofar, wasu kan wasu, ga filin da suka aske da bakinsu taku biyu a gabansu, ga kwaɗo a rataye. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma har yau ba na iya bin hanyar nan. Glenys ba ta yi kuka ba. Ta ce in ɗauko mata bindiga, akwai masu sauran numfashi.

Kwana uku bayan haka Dakta Ferrante ya zo gidanta, hula a hannu, idanunsa jawur. Ina kicin ɗinta ina dafa shayi. Ya ce injiniyoyi sun tabbatar ba don gajeriyar ciyawar nan ba da tashar ta tafi, kumbunan nan duka da sun rasa mai jin su daga wannan gefen duniya. Ya ce an fasa hana tumaki shiga, za a binne wayoyin a ƙasa. Sai ya ciro makullin ya ajiye a kan tebur.

Glenys ta dubi makullin. Sannan ta tura masa shi da yatsa ɗaya.

"Riƙe abinka, Dakta," ta ce. "Masu shiga sun zo ran Asabar."